Gidan Sarautar Tudor: Shekara 118 Ana Neman Magaji

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshenmu



An nemi mu ce wani abu a kan tarihin Ingila, ƙasar da kullum muke koyar da harshenta amma ba kasafai muke waiwayar labarinta ba. Tarihin nan kogi ne, ba ya shanyuwa a zama ɗaya. Saboda haka muka ɗauki gida guda daga cikin gidajen sarautarta, wato gidan Tudor, wanda ya riƙe mulki daga 1485 zuwa 1603. Shekara 118 ke nan, masu sarauta biyar: kaka, da ɗansa, da jikoki uku. Domin mu san inda muke a lissafin zamani, lokacin da na farkonsu ya hau gado Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, lokacin da ta ƙarshensu ta rasu kuma daular Songhai ta shekara goma sha biyu da faɗuwa.

Zare ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe. Gidan nan ya kwana ya tashi da fargaba guda, ta rashin magaji. Fargabar ce ta raba ƙasar da Fafaroma, ta kai matan sarki biyu gaban hauni, ta kuma buɗe ƙofar da aka sauya wa talakawa hanyar ibada sau huɗu cikin shekara 25. Bayan duk wannan, gidan ya ƙare babu magaji.

Sarautar da aka ɗauko a fagen fama

Kafin 1485 Ingila ta shafe shekara talatin tana fama da yaƙin cikin gida tsakanin rassa biyu na zuriyar Sarki Edwad na Uku, gidan Lancaster da gidan York. Daga baya aka laƙaba wa rikicin suna Yaƙin Furanni, domin ana danganta jan furen wardi da Lancaster, farin kuma da York.

Henri Tudor ba ya cikin waɗanda ake sa wa ran sarauta. Kakansa na wajen uba, Owen Tudor, bafade ne mutumin Wels da ya auri matar da Sarki Henri na Biyar ya mutu ya bari. Jinin sarautar Ingila ta wajen uwarsa Margaret Beaufort ya same shi, kuma reshen nasu ya faro ne daga 'ya'yan da aka haifa kafin aure, daga baya aka halatta su. Tana da shekara 13 ta haife shi a 1457, uban ya riga ya rasu. Henri ya yi shekara 14 yana gudun hijira a ƙetaren teku, sannan a watan Agustan 1485 ya sauka gaɓar Wels da 'yar ƙaramar runduna. Ranar 22 ga watan ya gamu da Sarki Richard na Uku a filin Bosworth. Aka kashe Richard, shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen fama. Sai a 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Leicester.

Wanda ya samu sarauta da takobi ya san takobi na iya karɓe ta. Henri na Bakwai ya sa aka fara lissafin mulkinsa daga ranar 21 ga Agusta, kwana ɗaya kafin yaƙin, domin duk wanda ya yaƙe shi a Bosworth ya zama mai cin amanar sarki a idon doka. Ya auri Elizabet 'yar gidan York a 1486, aka haɗe furannin biyu suka zama tambari ɗaya. Da aka tsayar da wani yaro mai suna Lambert Simnel aka ce shi ne ɗan sarautar York, Henri ya ci mabiyansa da yaƙi a 1487, yaron kuwa ya tura shi aiki a ɗakin girkin fada. Ya ɗaure manyan ƙasa da tara da takardun lamuni, kuma da kansa yake duba littattafan baitulmali yana sa hannu a shafukansu.

Sauran dabararsa aure ce. A 1501 ya aurar wa babban ɗansa Arthur gimbiyar Sifen, Katarina 'yar Aragon. A 1503 ya ba sarkin Sikotlan, James na Huɗu, 'yarsa Margaret. Mu riƙe sunan Margaret, za mu dawo gare ta. Arthur bai wuce wata biyar da aure ba ya rasu yana da shekara 15. Duk ginin da uban ya yi sai ya koma kan wuyan yaro ɗaya.

Henri na Takwas da matansa

Yaron nan ya hau gado a 1509 yana ɗan shekara 17, dogo, ƙaƙƙarfa, mahayin doki, mai jin Latin da Faransanci. Ya auri Katarina, matar yayansa marigayi, bisa izini na musamman daga Fafaroma. Ta yi ciki aƙalla sau shida. Ɗan da ta haifa ranar farko ta 1511 ya yi kwana 52 ya koma. 'Ya ɗaya ce ta rayu, Meri, wadda aka haifa a 1516.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin mai sauraro zai iya cewa, me ya hana shi ƙara aure, ko masu zaɓen sarki su duba cikin dangi su ɗauko wanda ya dace? Ƙofofin nan biyu duk a rufe suke. Dokar coci mace ɗaya ta yarda da ita, kuma babu saki. Hanya ɗaya ita ce Fafaroma ya yanke cewa auren bai ɗauru ba tun asali. Sarauta kuwa gadon babban ɗa ce, ba a zaɓe. Sau ɗaya aka taɓa yunƙurin naɗa mace, Matilda, a ƙarni na 12, abin ya ƙare da yaƙin basasa mai tsawo. Henri kuma ɗa ne ga mutumin da ya kashe wutar wani yaƙin basasar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Sai zuciyarsa ta raya masa cewa rashin ɗan hukunci ne a kan auren matar ɗan'uwa, abin da wata aya a Littafin Firistoci ta hana. Ga kuma Anne Boleyn, wata budurwa a fada, wadda ta ƙi ba shi fuska sai da aure. Da a wani lokacin ne, da wataƙila Roma ta biya masa bukata, domin an sha yi wa sarakuna irin wannan. Amma a 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifen da Jamus, suka wawashe birnin Roma, Fafaroma Clement na Bakwai ya koma tamkar fursuna. Katarina kuwa ƙanwar mahaifiyar Charles ce. Aka yi shekara shida ana jan magana. Waziri Thomas Wolsey ya kasa samo hukuncin, aka tuɓe shi a 1529.

Wanda ya samo mafita shi ne Thomas Cromwell, ɗan maƙeri daga Putney: in Roma ta ƙi yanke shari'a, a ɗauke shari'ar daga hannun Roma. A 1533 majalisar dokoki ta hana ɗaukaka ƙara zuwa wajen ƙasa, babban bishop Thomas Cranmer ya warware auren Katarina, Anne ta zama sarauniya. Ranar 7 ga Satumba ta haihu. Aka yi ta shirin ɗa namiji, sai ga mace, Elizabet. A 1534 majalisa ta ayyana sarki a matsayin shugaban cocin Ingila. Wannan fa shi ne sarkin da Fafaroma ya ba laƙabin Mai Kare Addini a 1521 saboda littafin da ya rubuta yana sukar Martin Luther. Har yau harufan laƙabin suna kan tsabar kuɗin Birtaniya.

Daga nan takobi ya shiga aiki. Thomas More, masani kuma tsohon waziri, da Bishop John Fisher suka ƙi rantsuwar da aka nema, aka sare kansu a 1535. Anne ba ta haifi namiji ba, aka tuhume ta da cin amanar aure, aka sare kanta ranar 19 ga Mayu 1536. Kwana 11 bayan haka sarki ya auri Jane Seymour. Ita ce ta haifa masa Edwad a watan Oktoban 1537, ta rasu bayan kwana 12. Ya ƙara aure uku, babu wadda ta haihu, ɗaya daga cikinsu ma, Catherine Howard, hauni ne ya raba su. Cromwell da kansa bai tsira ba, an kashe shi a 1540. 'Ya'ya matan biyu kuwa, Meri da Elizabet, doka ta ce ba 'ya'yan halas ba ne, ko da yake daga baya uban ya mayar da su layin gado a bayan ƙaninsu.

Wa ya biya kuɗin?

'Yan uwa, labarin mata shida shi ne ya fi daɗin bayarwa, amma nauyin abin a ƙauye ya sauka. Tsakanin 1536 da 1540 aka rufe gidajen 'yan zuhudu fiye da 800, sarki ya karɓe filayensu da dukiyarsu, ya sayar da mafi yawa ga masu hali domin ya biya kuɗin yaƙi. Gidajen nan suna da nasu laifin, amma a ƙofarsu matafiyi ke samun masauki, mabuƙaci ke samun sadaka. Dubban mutanen arewacin Ingila suka tashi a 1536 ƙarƙashin wani lauya, Robert Aske. Sarki ya yi musu alkawarin afuwa, suka watse, a shekarar da ta biyo aka rataye Aske.

Abubuwa biyu suka tsiro a nan waɗanda sarkin bai shuka su da niyya ba. Na farko, kowane mataki da ya ɗauka ta hanyar dokar majalisa ya ɗauke shi. Majalisar da ya kira a 1529 ta kai 1536 tana aiki, ta saba da sa hannu a maganar addini da ta gadon sarauta. A 1649 magadan wannan majalisa suka gurfanar da wani sarkin, Charles na Ɗaya, aka sare kansa. Na biyu, harshe. William Tyndale ya buga Sabon Alkawari da Turanci a 1526, aka kashe shi a kusa da Brussels a 1536. Shekara uku bayan haka, da umarnin sarki, aka buga Baibul na Turanci domin a ajiye a kowane coci. Harshen da ake gani na kasuwa ne da gona ya shiga wurin da a da Latin kaɗai ke shiga.

Sarki goma, zamani goma

Henri ya rasu a watan Janairun 1547. Ɗan da aka girgiza ƙasa dominsa ya hau yana da shekara tara, ya rasu a 1553 yana da 15. A ɗan zamaninsa masu riƙon ƙwarya suka karkata ƙasar sosai zuwa ga Furotestan, aka fitar da gumaka da hotuna daga coci, aka kawo littafin addu'a na Turanci a 1549. Da ya ga zai mutu, ya yi ƙoƙarin tsallake yayyensa ya miƙa sarautar ga 'yar uwarsu Jane Grey. Kwana tara ta yi. Meri ta karɓi gadonta, ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Fafaroma, ta auri Philip na Sifen a 1554. A mulkinta aka ƙone kimanin mutum 280 a kan aƙida, har da Cranmer. Ita ma fargabar gidan ta kama ta: ta yi zaton tana da ciki, aka shirya komai na haihuwa, watanni suka wuce babu labari. Ta rasu ranar 17 ga Nuwamba 1558.

Domin mu ga yadda abin yake a ƙasa, akwai wani ƙaramin ƙauye a yankin Devon mai suna Morebath. Limaminsu, Christopher Trychay, ya riƙe cocin daga 1520 zuwa 1574, yana rubuta lissafin kuɗin cocin shekara bayan shekara, kuma littafinsa ya tsira. A ciki ana ganin mutanen ƙauyen sun tara kuɗi sun sayi kayan ibada, sai umarni ya zo a fitar da su, suka rarraba wasu a gidaje suka ɓoye. A zamanin Meri suka fito da su, a zamanin Elizabet aka sake cewa a kawar. Limami ɗaya ne ya karanta musu duk umarnin nan. Babu wanda ya taɓa tambayarsu ra'ayi.

'Yar da aka raina

Elizabet ba ta cika shekara uku ba aka kashe uwarta. A zamanin yayarta an tsare ta a Hasumiyar Landan. Abin da ba a hana ta ba shi ne karatu. Tana da shekara 11 ta fassara wata doguwar waƙa daga Faransanci ta ba matar ubanta Catherine Parr kyauta. Cikin malamanta akwai Roger Ascham, wanda littafinsa a kan koyarwa, The Scholemaster, ya fito a 1570 bayan rasuwarsa. Asalin littafin hira ce da aka yi wajen cin abinci a fadar Windsor a 1563, da labari ya zo cewa wasu ɗaliban makarantar Eton sun gudu saboda tsoron bulala. Ascham yana ganin yabo ya fi duka jawo yaro ga karatu. Hanyarsa kuma mai sauƙi ce: ɗalibi ya fassara nassi daga Latin zuwa Turanci, a karɓe littafin, bayan aƙalla awa ɗaya ya mayar da fassararsa Latin, sannan a gwada da na asali. A 1597, tana da shekara sittin da wani abu, jakadan Folan ya yi mata jawabi mai zafi da Latin, ta mayar masa da martani nan take da harshen.

Yaran talakawa da suka samu shiga makaranta kuwa da wani ɗan allon katako suke farawa, an manna masa takardar harufa an rufe ta da siririn ƙaho. Wanda ya ci gaba sai makarantar nahawu, daga sassafe har yamma ana Latin. Garin Stratford, inda aka haifi William Shakespeare a 1564, yana da irin wannan makaranta. Malami ba ya koyarwa sai da izinin bishop, kuma daga 1563 doka ta sa malaman makaranta cikin masu rantsuwar amincewa da shugabancin sarauniya a kan coci.

Elizabet ta hau tana da shekara 25, ta yi 44. A 1559 ta tsayar da coci a kan tafarkin Furotestan amma ta bar wasu tsofaffin al'adu, aka sa tarar sule ɗaya ga wanda ya ƙi zuwa ranar Lahadi. Bayan Fafaroma ya fitar da ita daga coci a 1570 hannunta ya ƙara nauyi, an kashe limaman Katolika fiye da ɗari a mulkinta, mutanen Ailan kuma sun sha azabar yaƙi. Majalisa ta sha roƙonta ta yi aure ko ta ambaci magaji, ta ƙi duka biyun. Ta ga abin da aure ya yi wa uwarta da yayarta, ta kuma san da zarar an san magaji, ƙofarsa za a koma yin fadanci. Wadda ta fi kusa da gadon, Meri sarauniyar Sikotlan, 'yar Katolika ce. Elizabet ta tsare ta kusan shekara 19, a 1587 aka sare kanta. A 1588 Philip na Sifen ya turo jiragen yaƙi kimanin 130. Turawan Ingila suka tarwatsa su, guguwa ta farfasa da dama a gaɓar Sikotlan da Ailan. Ma'aikatan jiragen da suka ci wannan nasara da yawa cuta ta kashe su a tashoshin ruwa suna jiran albashinsu.

Rabuwa da Roma ta kai Ingila neman abokai a inda ba a zata ba. Ta ƙulla ciniki da Daular Usmaniyya a 1580, ta kafa kamfanin ciniki da Maroko a 1585, ana sayen sukari da gishirin haɗa albarushi. Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta ci Songhai a 1591, yana musayar wasiƙu da Elizabet, kuma jakadansa ya yi wata shida a Landan daga 1600. Akwai kuma shafin da bai kamata mu tsallake ba. A 1562 John Hawkins ya kwashi 'yan Afirka kimanin 300 daga gaɓar Saliyo ya sayar da su a tsibiran Karebiyan, a tafiyarsa ta biyu kuma sarauniya ta ba shi aron jirginta. Ranar ƙarshe ta shekarar 1600 ta ba Kamfanin Gabashin Indiya takardar izini. Daular da daga baya ta iso har ƙasarmu, a nan aka fara aza harsashinta.

Kammalawa

Elizabet ta rasu ranar 24 ga Maris 1603, ba miji, ba ɗa. Sarauta ta tafi ga James na Shida na Sikotlan, ɗan Merin da aka sare wa kai, tattaɓa-kunnen Margaret ɗin nan da muka ce a riƙe sunanta. Henri na Takwas ya tsallake zuriyar Margaret a wasiyyarsa, amma ta wajenta ne sarkin Ingila na yau ya haɗa jini da Henri na Bakwai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Henri na Takwas ya tsara wa kansa ƙasaitaccen kabari, ba a taɓa gama shi ba. Yana kwance a Windsor kusa da Jane Seymour, uwar ɗansa, ƙarƙashin wani shimfiɗaɗɗen dutse da mutane ke takawa su wuce. Meri da Elizabet kuwa, waɗanda addini da iyaye mata suka raba, kabari ɗaya aka sa su a Westminster.

In wata rana ɗalibi ya tambaye mu me ya sa Ingila ke da cocinta daban, ko yaya aka yi harshen wani tsibiri ya iso ajinmu, muna da inda za mu fara ba shi labari: daga wani jariri da ya yi kwana 52 a duniya a 1511.